Maganar Kwanye Ce, Ba Tawa Ba

Duk shekara idan aka turo mana yara daga makarantar koyon aikin lafiya, sai in ga suna kallona ta gefen ido. Ga tsohuwa zaune a kan benci kusa da ɗakin likita, ba allura a hannunta, ba farin kaya a jikinta. In suka tambaya aka ce musu tafinta ce, sai su yi murmushi. Wata yarinya ta taɓa ce min ita ma tana jin Fulatanci da Turanci, duk ranar da na gaji in tafi gida ta riƙe min. Ban yi mata musu ba, yare kam tana ji. Sai dai jin yare shi ne mafi sauƙi a cikin aikin nan.

Sunana Dija, a unguwar Rumde ta Jimeta aka haife ni. Mahaifina Bafulatani ne mai fataucin fata. A yawon fataucinsa ya auro mahaifiyata daga wani ƙauye a kan duwatsun Michika, sunanta Masi. Fulatanci na samu a wurinsa, yaren Kamwe a wurinta, Hausa a titi, Turanci kuwa na firamare ne da abin da na tsinta daga baya a bakin likitoci. Ban shiga asibiti don in zama tafinta ba. Shara aka ɗauke ni a wani ƙaramin asibiti a Jimeta, ina share ɗakin mata, ina gyara gado, ina wanke kwanon fitsari.

Aikina na farko na tafinta wata tsohuwa ce daga Namtari, ɗanta na fari ya kawo ta a bayan keke. Likitan lokacin mutumin Kudu ne, ko gaisuwa bai iya da Fulatanci ba. Mai yi masa fassara shi ne Baba Adamu, tsohon dispensa mai ba da magani wanda ya fi kowa daɗewa a wurin. Tsohuwa ta ce ƙafarta ke ciwo. Likita ya duba ƙafa, ya lanƙwasa, ya miƙe, bai ga komai ba. Baba Adamu ya dubi tsohuwa, ya dubi ɗan da ke tsaye a kanta, sai ya aiki ɗan ya sayo mata kunu a bakin ƙofa. Ya kira ni da tsintsiyata a hannu, ya ce in ajiye in wanke hannu. Ya ja labule, shi kansa ya fita ya tsaya a baya. Tsohuwa ta juya wa likita baya, ta fuskance ni, ta ce min jini take gani alhali ta daɗe da daina al'ada, kusan shekara ke nan. Ba za ta faɗi wannan a gaban ɗanta na fari ba ko za ta mutu, ba kuma za ta faɗa wa namiji ido da ido ba.

Da ɗan ya dawo da kunu, ni ya tare, ya tambaye ni da Fulatanci me ta ce. Har na buɗe baki. Baba Adamu ya yi gyaran murya, ya ce min in koma ciki in tambayi tsohuwa me take so a faɗa wa ɗanta. Ta ce a ce masa ciwon mata ne, kuma za a tura ta babban asibiti. Abin da na faɗa masa ke nan, ban ƙara wasali ba. Da yamma Baba Adamu ya zaunar da ni a ƙarƙashin darbejiya ya ce, "Maganar da ta bi ta bakinki ba taki ba ce. Aro kika yi. Mai ita ne kaɗai zai ce ga inda za a kai ta."

Na yi shekaru a ƙarƙashinsa, ina shara da safe, ina shiga ɗakin likita in an kira ni. Shi ya koya min wurin tsayuwa. Ba a tsayawa tsakanin likita da mara lafiya, ana tsayawa ne a gefen mara lafiya, ɗan baya kaɗan, don su biyun su riƙa kallon juna. Ya koya min in rage murya yadda na bayan labule ba zai ji ba, amma na gabana ya ji. Ya hana ni cewa "ta ce kanta na ciwo." In ta ce kaina, ni ma in ce kaina. Ya hana ni gyara magana. In mutum ya zagi likita, sai in faɗi zagin. In likita ya faɗi labari mai nauyi, ba ni da ikon sassauta shi don na ji tausayi, domin wataƙila mutumin yana da abin da zai shirya. Kuma duk abin da aka furta a ɗakin, kowa da ke ciki sai ya ji shi da yarensa, ba a yin ƙus-ƙus da ɓangare ɗaya a bar ɗaya yana zare ido.

Kayan aikina ke nan: wurin tsayuwa, murya, labule, sai kalmomi. Kowane yare yana da kalma biyu ga abin da ke ƙasan cibiya, ta kasuwa da ta mutunci. In ka yi wa dattijo amfani da ta kasuwa, ya rufe baki ke nan har ya tafi. In ka yi wa wani amfani da ta mutunci, ba zai gane inda ka dosa ba. Wannan ba a makaranta ake koyonsa ba, a bakin tsofaffin mata ake tsinta.

Wahalar aikin kuwa ba a cikin asibiti take ba, a waje take. Likita ya tashi ya shiga motarsa ya tafi unguwar da ba wanda ya san shi. Ni kuwa mutanen da na ji cikinsu da safe, da su zan haɗu da yamma wurin mai kayan miya. Na saba ba na fara gaishe su. In mace ta gan ni ta kawar da kai, ni ma sai in kawar, don wataƙila wadda ke tare da ita ba ta san ta je asibiti ba. In ta gaishe ni, in amsa, amma ba na cewa yaya jiki. A gidan biki kuwa ba a rasa mai matsowa kusa ta ce, "Dija, an ce an ga wance a wurinku, lafiya dai?" Amsata ɗaya ce tun ina budurwa: "Ki tambaye ta mana." Ko ciwon kai ne ya kawo matar haka nake cewa, ko ma ba ta zo ba sam haka nake cewa. Domin in ka saba cewa "ai ba komai, zazzaɓi ne" a kan ƙananan abubuwa, ranar da ka yi shiru kowa ya gane babba ne. Wasu sun ce ina da girman kai, daga baya suka gaji suka bar ni.

Baba Adamu ya rasu kafin shekarar gudun hijira, ban sani ba ko Allah ya hutar da shi ne. Lokacin da mutanen Madagali da Michika da Mubi suka kwararo Yola, ni kaɗai ce mai jin Kamwe a asibitinmu. Wasu sun zo a bayan manyan motoci, wasu da ƙafa, ƙafafun sun fashe. Makarantu suka cika, sansanoni suka cika, amma yawancin mutane cikin gidajen jama'a suka shiga. Duk mai ɗaki ko rumfa a Jimeta ya karɓi baƙi, wanda ya sani da wanda bai sani ba. A asibiti har a baranda ake duba mutane, layi ya matso har yana jin numfashin likita. Na kwaso tsofaffin zannuwana daga gida muka ɗaura a igiya suka zama labule. Na roƙi mai gadi ya ajiye rediyonsa a kan benci tsakanin layi da labulen, ya ƙara murya. Mutane suna ƙorafin surutun rediyo, amma ya rufe abin da ake faɗa a ciki.

A cikin waɗanda suka zo akwai Kwanye. Tsohuwa ce daga ƙauyen mahaifiyata, ta san ta tun suna ɗiban ruwa tare. Ta iso da jikokinta mata biyu, ɗanta da matarsa kuwa sun rabu da su a hanya, ba ta san inda suka faɗa ba. Hausarta ta ciniki ce kawai, nawa ne, rage min. Ɗakina a Rumde ya riga ya cika da dangin mahaifiyata, sai na je wurin yayana, Hamma Buba, kafinta ne a unguwar Damilu. Uba ɗaya muke, uwa kowa da tasa, don haka shi ba ya jin Kamwe ko kaɗan. Bai ja magana ba. Ya kwashe katakon da ke wani ƙaramin ɗaki a bayan gida ya ba su. Ɗakin ba shi da taga sai wata 'yar kafa a sama.

Matarsa, Adda Rabi, tana da goyo a lokacin, yarinya mai suna Nana, ta fara rarrafe. Adda Rabi tana suyar awara a ƙofar gida, sai Kwanye ta zama mai reno ba tare da an sa ta ba. Wuni take yi da Nana a bayanta, tana shara, tana tsince wake, tana yi mata waƙa da yarenta. Su biyun ba sa jin juna sosai, amma sun shaƙu. Ranar Lahadi in Kwanye za ta coci, Adda Rabi ce ke ara mata mayafi mai kyau.

Kwanye tana tari tun zuwanta, amma a lokacin wa ba ya tari? Mutanen da suka kwana a daji cikin raɓa. Sai da ta fara ramewa tana zufa cikin barci, ta zo asibiti da kanta. Likitar da ke aiki a lokacin mace ce, matashiya, mai haƙuri. Ta sa aka karɓi kakinta aka kai gwaji. Ranar wata Alhamis Kwanye ta dawo jin sakamako, na tsaya a gefenta kamar yadda na saba. Likita ta ce tarin fuka ne, wanda suke ce wa tibi. Na faɗa mata da Kamwe. Likita ta ce yana da magani, kyauta ne, za ta sha kamar rabin shekara, kuma in ta yi 'yan makonni tana sha ba fashi ba za ta ƙara sa wa kowa ba. Na faɗa. Sai likita ta tambaya su wa take kwana da su, kuma akwai ƙananan yara a gidan?

Kwanye ba ta dubi likita ba, ni ta duba. Ta ce, "'Yar Masi, in ɗan'uwanki ya ji, ina zan kai yaran nan?"

Na juya na faɗa wa likita abin da ta ce, kalma da kalma. Sannan na ce mata yanzu ni ce ke magana, ba mara lafiya ba: gidan da matar nan take na yayana ne, ni na kai ta, kuma akwai jaririya da take goyawa kullum. Na maimaita wa Kwanye da Kamwe don ta san abin da na faɗa. Likita ta tambaya ko akwai wani tafinta da zai karɓe ni. Babu. Muka ci gaba.

Tsoron Kwanye ba na banza ba ne. A ƙauyensu ta ga yadda ake yi wa mai irin wannan tari. A ware masa ƙwarya, a yi masa bukka a bayan gari, yara su riƙa gudu in sun gan shi. Nan kuwa baƙuwa ce, ba dangin maigida ba, ba addininsu ɗaya ba, kuma 'yarsu ta goya. Likita ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce dole a duba mutanen gidan, musamman jaririyar, domin ƙananan yara ba sa jure wannan ciwo. Ta ce ya fi kyau su ji daga bakinta, za ta ba ta 'yan kwanaki. In ta kasa, ma'aikatan lafiya za su je gidan da kansu, kuma za a sanar da ita kafin su je. Kafin nan ta fara shan magani yau, ta daina ɗaukar yarinyar, ta riƙa wuni a waje inda iska ke kaɗawa, ta kuma kawo jikokinta a duba su. Da Kwanye ta fita, likita ta ce min ta san abin da ke gabana, amma in labarin zai isa Damilu, ta hanyar asibiti zai bi ko ta bakin mai shi.

Ran Juma'a bayan la'asar nakan je Damilu gaisuwa, in na ƙi zuwa ma sai a tambayi dalili. Na tarar da Kwanye zaune can ƙarƙashin mangwaro ita kaɗai. Adda Rabi tana juya awara da Nana a bayanta, yarinya tana ta kuka tana miƙa hannu wajen mangwaron. Adda Rabi ta ce min tun jiya tsohuwa ta ƙi taɓa Nana, in yarinyar ta rarrafo wurinta sai ta tashi ta canja wuri. Ko sun yi mata wani laifi ne? Sannan ta ce ta ga ƙullin magani a ɗakinsu, ai a wurinmu ta karɓo, me aka ce yana damunta?

Na ce, "Adda, ki tambaye ta mana."

Ta ajiye matsami ta dube ni. Ta ce da wane yaren za ta tambaye ta, kuma yau ita nake yi wa amsar gidan biki? Na ce in Kwanye ta ce in fassara mata wani abu, a shirye nake. Na kwance Nana daga bayanta na riƙe har magariba ta kusa, ina jin nauyin yarinyar, ina sauraron numfashinta ko zan ji wani abu.

Da zan tafi Kwanye ta rako ni bakin titi. Ban tsorata ta ba, ban kuma yi mata alƙawarin abin da ba a hannuna yake ba. Na ce mata ban san yadda Hamma Buba zai ɗauki maganar ba, mutum ne mai zafi a kan 'ya'yansa. Abin da na sani shi ne in aka kore ta, ita da jikokinta a ɗakina za su kwana ko da a kan juna ne. Kuma duk lokacin da ta shirya, zan tsaya a gefenta in faɗi abin da ta faɗa. Na ce mata kowace rana da ta wuce, daga rabon Nana ake cira. Ta juya ta koma.

Ran Lahadi daga coci ba ta koma Damilu ba, Rumde ta zo da mayafin Adda Rabi a kanta. Ta ce in tashi mu je.

Mun samu Hamma Buba a rumfarsa ta ƙofar gida yana yanka katakon ƙyaure. Kwanye ta ce shi za ta fara faɗa wa, shi ne maigida. Ta tsaya nesa da shi kaɗan, na tsaya a gefenta. Ta yi magana, na bi ta da Fulatanci: "Ina da tarin fuka. Na goya 'yarka ban san ina da shi ba. Likita ta ce a kai ta a duba, ita da duk mutanen gidan. Ka ba ni ɗaki ban biya ka da alheri ba. In ka ce mu tafi, ba ka yi laifi ba."

Ya ajiye zarto. Bai dube ta ba, ni ya tambaya tun yaushe na sani. Na ce tun Alhamis. Ya ce, "Kin zo gidan nan ran Juma'a, kin riƙe Nana a hannunki, kika tashi kika tafi ba ki ce min komai ba? 'Yata ce fa, Dija." Na juya na faɗa wa Kwanye abin da ya ce. Ya daka min tsawa, ya ce wannan tsakanina da shi ne. Na ce masa yau a matsayin tafinta na zo, in ya gama da ita sai ya yi da ni.

Ya shige cikin gida. Muka ji muryar Adda Rabi ta tashi sama, muka ji tasa. Kwanye ta wuce ɗakinsu ta fara naɗe tabarma, jikokin suna kallonta. Kayan nasu duka ba su cika buhu ɗaya ba. Tana cikin ɗaurewa sai ga Hamma Buba da guduma da kurfi a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙare wa ɗakin kallo, ya ɗaga kai ya dubi 'yar kafar da ke sama. Ya ce min, "Tambaye ta, likita ta ce iska tana taimakawa?" Na tambaya, ta ce haka aka ce. Ya ce su fitar da kayansu tsakar gida kada ƙasa ta zuba a kai. Kafin rana ta faɗi ya fasa bangon baya, washegari ya kafa taga mai ƙyaure biyu.

Da safe gidan duka suka zo asibiti. Ba a samu ciwon a jikin Nana ba, amma aka ba ta maganin kariya na wasu watanni. Babbar jikar Kwanye kuwa ya fara kama ta, aka ɗora ta a kan magani tun bai yi nisa ba. Sauran lafiya lau. Adda Rabi ta ware wa Kwanye kwano da kofi duk da an ce mata ba ta nan ake ɗauka ba. Kwanye ba ta damu ba, ta ce kwano daban a cikin gida ya fi bukka a bayan gari. Maƙwabta suka tambayi dalilin sabuwar taga, Hamma Buba ya ce zafi. Adda Rabi mace ce mai son hira, a bakin kaskon awara ba labarin unguwa da ba ya wucewa, amma wannan bai fita ta bakinta ba. Daga baya ta ce min mijinta ne ya ce mata tunda Dija ta iya riƙe wa tsohuwar nan magana a kansa shi ɗan'uwanta, su ba su da hujjar kai ta titi.

Wannan bai sa ya huce da ni ba. In na zo gaisuwa sai ya amsa a taƙaice ya ci gaba da aikinsa, haka har Babbar Salla. Ranar da muka zauna, na ce masa da na faɗa masa ran Alhamis, da ya shiga gida da zafinsa, da Kwanye ta kwashi yaran ta ɓace cikin garin nan ba magani, jikar ma ba wanda zai gano tana da shi. Kuma da kowace mace daga Michika ta ji cewa tafintar asibitin nan tana kai magana gida. Ya ce ya ji, kuma yana iya yiwuwa gaskiyata ce, amma da shi ne a matsayina da bai iya kwana da maganar a ciki ba. Na ce shi ya sa shi kafinta ne. Ya yi dariya, muka bar ta a nan. Har yau in zancen ya taso bai canja ra'ayi ba, ni ma haka.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ya biyo baya. Kwanye da bakinta ta riƙa ba matan garinsu labari a coci da wurin rabon abinci. Sai ga mata suna zuwa asibitinmu daga unguwanni masu nisa, suna wuce wasu asibitocin a hanya, suna tambayar ina 'yar Masi. Wasu tari ne. Wasu kuwa sun fito daga daji da abin da ya fi tari nauyi, wanda ko uwayensu ba su faɗa wa ba. Sun faɗa a bayan zannuwan nan, rediyon mai gadi yana ta surutu, aka yi musu abin da za a iya yi. Da yawansu suna garin nan har yanzu da aurensu da sana'arsu, mukan haɗu a kasuwa.

Kwanye ta gama maganinta, ta yi ƙiba har zanenta ya daina zagaye ta sau biyu. Ranar da likita ta ce ta warke, daga asibiti ta wuce ta ɗauki Nana ta goya, yarinyar ma lokacin ta fara gudu, ba ta son goyo. Ɗanta ya ɓullo ta wajen Kamaru shi da matarsa, da hanya ta buɗe suka koma gida. Nana yanzu ta kusa gama firamare.

Aikin ya canja a zamaninku, ku 'yan makaranta. Yanzu ɗakin likita yana da ƙofa, ana kiran mutane da lamba maimakon a ƙwala sunansu a baranda, sakamakon gwaji yana cikin kwamfuta. Duk wannan ci gaba ne, na yi murna da na gan shi. Sai dai a da in magana za ta fita, sai mutum ya taka da ƙafarsa ya je ya faɗa, a hanya ma yana iya tunani ya fasa. Yanzu tana aljihunku. Ka ɗauki hoton rauni don ka nuna wa abokin karatu, ka manta zoben matar ya fito, kuma a Jimeta akwai wanda ya san zoben. Amma ba na cikin masu cewa yaran yanzu ba su da riƙo. Akwai wata da nake koya wa aikin, tana jin yaren Margi, kwanan baya na ji mahaifiyarta tana ƙorafi wai 'yarta ta zama kurma tunda ta fara aiki da Dija.

Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa, to ga shi tsohuwa ta zauna ta kwashe ciwon Kwanye kaf ta faɗa mana, har da sunanta. Tambaya ce mai kyau. Lokacin da aka fara sa ni yi wa sababbi magana, na shiga mota na je har ƙauyensu. Na same ta tana shanya gyaɗa a kan dutse, ta tsufa sosai amma muryar tana nan. Na ce mata ina so in riƙa ba yara labarinta, in ta ce a'a shi ke nan, in kuma tana so in sauya suna sai in sauya. Ta ce in bar sunanta yadda yake, ba sata ta yi ba, ciwo ta yi ta warke. Sharaɗinta ɗaya, in tabbatar na faɗa muku cewa ita ta tsaya a gaban maigida ta faɗa da bakinta. Na tambayi Hamma Buba da Adda Rabi, da jikar da yanzu ta yi aure, kowa ya yarda da nasa ɓangaren.

Akwai kuma wani abu da Kwanye ta faɗa wa likita a ranar Alhamis ɗin nan. Na tambaye ta shi ma, ta ce wannan a bar shi. To, ku tashi mu je, layi ya fara taruwa.